Layin da na ja a wuyan tsuntsu

'Yata ta dawo daga karatu a Amurka da wani zane a naɗe. Ta shimfiɗa shi a tsakar falonmu a unguwar Khalidiyya, ta danne gefunansa da kofunan shayi. Baƙin tsuntsu ne shi kaɗai a kan wayar lantarki, bayansa fili ruwan toka, ba gida ba bishiya.

"Baba, wata baƙar fata ce a can ta zana shi," in ji ta. "A wurin masu zanen nan, tsuntsu ba tsuntsu ba ne kawai. Wannan mutum ne da aka raba da ƙasarsa, ga fiffike amma bai san inda zai koma ba. Ina ganinsa na tuna da Kaka."

Mahaifina take nufi, wanda ya taho hajji da ƙafa daga Damagaram, bai sake ganin garinsu ba. Da Hausa ta faɗi duk wannan, ita da kullum da Larabci take amsa mini. Ban ma lura ba a lokacin.

Karatuna bai wuce firamare ba. A makarantarmu, duk hoton mai rai da ke cikin littafi, malam kan sa mu ja masa layi a wuya, wai an yanka shi ke nan. Washegari, tana kasuwa neman firam ɗin da za ta saka zanen, na ɗauki biro na ja wa tsuntsun nasa layin. A ganina gyara mata na yi.

Ta shigo, ta tsaya a kansa.

"Lesh, ya Baba?" in ji ta da Larabci, wato me ya sa.

"Don mala'iku su riƙa shigowa gidan."

"Da ka tambaye ni."

Ba ta yi faɗa ba. Ta naɗe abinta. Da aiki ya samu a Jidda, ta karɓa ba tare da ta nemi shawarata ba. Tun rasuwar mahaifiyarta mu biyu ne a gidan, yanzu saura ni. Nakan hau bas zuwa masallacin Ƙuba in yi salla, in daɗe a zaune, don babu mai jirana.

Hukuncin hoto na bar wa malamai. Abin da na sani, ta kawo mini kyauta daga nesa, ni kuwa ko kallon kirki ban yi mata ba.

Ranar Juma'a take kira. A kiran da ya wuce na daure na ce, "Ki yafe mini zancen tsuntsun nan."

Sai da na duba wayar ko ta katse kafin ta amsa.

"Allah ya yafe mana, Baba. Ka ci abinci?"

Na ce na ci. Ban ci ba.