Littafin Jirgin da Alhaji Ya Jefar

Har yau in na tuna abin da Alhajin nan ya yi mini sai raina ya ɓaci kamar jiya aka yi.

A shekarun da nake aikin kago a wani sito a Al Quoz, can ƙasar Larabawa, aikina shi ne ɗaure kayan 'yan kasuwar Kano, mu loda a kwantena a kai tashar jiragen ruwa ta Jebel Ali. Muna da wata al'ada. Ma'aikaci in yana da ɗan saƙon gida, atamfa ko takalman yara, sai ya nemi izinin mai kwantena ya cusa a lungu, iyalinsa su je shago su karɓa. Ba a hanawa, kuma ba a tambayar me ke ciki.

'Yata ta fari, tana aji huɗu a lokacin, ta ishe ni da tambayar jirgin ruwa duk ranar da na sayi kati na kira gida. Ba ta taɓa ganin ruwan da ya fi kududdufin unguwarmu ba, amma sai ta san yadda ƙarfe ke tafiya a kan teku. A tashar kuwa ba a barin irinmu mu ɗauki hoto. Wata Juma'a na ci karo da littafin a shagon tsofaffin littattafai a Sharjah. Tarihin katafaren jirgin fasinjan nan ne na Turawa, wanda ya yi karo da dutsen ƙanƙara a tafiyarsa ta farko ya nutse. Kowane shafi da hoto. Na tsakiya ana buɗe shi ya kai tsawon hannu, an zana jirgin kamar an raba kankana gida biyu: a sama masu hali suna cin abinci, a ƙasa talakawa a cunkushe, can ƙarƙashi kuma masu zuba gawayi a wuta, ba riga. Abokin aikina, wani Bazindire da muke ɗaki ɗaya a Al Nahda, ya ɗora yatsa a kansu ya ce ga mu nan an zana mu.

Na gaya wa yarinya littafinta na tafe. Uwarta ta ce kafin sati ya zagayo duk ajinsu sun ji, har malamarsu ta ce ta kawo a gani.

Ranar lodi na nemi izinin Alhaji mai kwantenar, wani dillalin turare. Bai ko ɗago ba ya ce ba komai. Na sa littafin a saman kwalina, kan atamfar uwar yara, na tafi sallar azahar. Da na dawo na tarar an liƙe kwalin, na ɗauka abokina ne ya taimake ni, har godiya na yi masa.

Kwantena ta isa Kano lafiya. Matata ta ɗauki yarinya suka je shagon, aka ba su kwali, ga atamfa ga takalma, babu littafi. Ta ce suna tsaye suna sake zazzage kwalin sai yarinyar ta durƙusa. Masu shagon suna warware kwalaben turare suna watsar da takardun naɗin a ƙasa, a jikin wata takardar kuwa ga hoton bututun hayaƙin jirgi. 'Yata ta bi ƙafafun mutane tana tsintar littafinta a cukurkuɗe, ana ce mata ta matsa ta ba mutane hanya.

Na tsare abokina sai da ya faɗa mini gaskiya. Ina masallaci Alhaji ya ga bangon, ya buɗe, ya ga jirgi ya kafa kai a ruwa. Ya yi a'uziyya, ya ce wane mai mugun fata ne zai haɗa masa dukiya da wannan a kan teku, ya wurga shi kan tarin takardun shara. Daga wannan tarin masu naɗin kwalabe suke ɗiba. Su ba ruwansu, takarda mai kauri suka samu, suka yage ta shafi-shafi.

Ban ga laifin mutum ya ji tsoro ba, teku ba wasa ba ce. Abin da ya ƙona mini rai shi ne ina nan, taku kaɗan tsakaninmu. Da ya kira ni ya ce ɗauke abinka, da na ba wani matafiyi ya kai ta jirgin sama. Amma a wurinsa mai ɗaurin kwali bai kai a yi masa bayani ba.

Da ya dawo sayayya na same shi a ofis, na gaishe shi yadda ya kamata, sannan na ce, "Ranka ya daɗe, littafin da ka jefar fa a kwantenarka ya tafi. Kowace kwalba da nata shafin."

Ya ce, "Allah ne ya tsare. Kai ma da hankalinka, malam, ina 'ya mace ina littafin mutuwa? Khalas, shi ke nan, zan sa a ba ta 'yar tsana."

Na ce ya bar 'yar tsanarsa. Daga ranar ban sake ɗaure masa kwali ba, na gwammace a tura ni lodin taya a rana.

Shafuka kaɗan ta tsira da su. Uwarta ta goge mata su da dutsen guga, amma ƙamshin turarensa bai fita ba. Daga babban shafin tsakiya, ɓangaren ƙasa kawai ta samu, wurin masu gawayi. Ba ta kai shi makaranta ba, ta ce kunya take ji. Da na kira ba ta yi kuka ba, tambaya ɗaya ta yi mini.

"Abba, su waɗannan na ƙasan, da jirgin zai nutse an fito da su?"

Shafin amsar yana can a kwandon sharar wani. Ni kuwa na karanta, na sani. Na ce mata a'a, yawancinsu ba wanda ya sauka ya kira su.