Garin Haƙori da Kunyar Ɗan Fari

A shekarun da Gana ta samu 'yancin kai, ni matar malami ce a zangon Yendi, haifaffiyar Salaga, mace mai baki da ji da kai. Ba ungozoma ba ce ni, amma duk gidan da aka haihu sai an aiko a kira ni. In na ce a ba jariri abu a ba shi, in na ce a bari a bari. Yanzu tsufa ya zo, ido ya tafi, jikata ce ke rubuta muku wannan ina faɗa mata.

A ɗakin shan magani na unguwarmu akwai wani disfensa mai fara'a, likita muke ce masa don ba mu san wani ba. Wakilin wani kamfanin magani yakan hauro daga kudu ta hanyar Salaga da mota cike da kwalaye, ya sauka wurinsa. Ba a jima ba muka ga disfensa da sabon keke, sai rediyo, sai kalanda a bango mai hoton wani ƙaton jariri yana dariya. Duba-garin da ke leƙa magungunan kantuna shi ma irin keken nan yake hawa, mu kuwa sai dai mu ce ma sha Allah. Daga nan duk uwar da ta kai yaro mai kukan haƙori, sai a miƙa mata wani farin gari a 'yan ƙunshin takarda, a ce ta lasa masa a harshe. Ni na fi kowa tallarsa ba da ko sisi ba, har cikin kayan barka nake sakawa.

'Yata tana aure a Bawku. Da ɗanta na fari ya soma zama, mijinta zai tafi fatauci, sai ya kawo su wurina. Kun san kunyar ɗan fari a gidajenmu na da. Uwa ba ta kiran sunansa, ba ta yi masa wasa a gaban manya, in ya yi kuka sai ta kau da kai kamar ɗan maƙwabta ne. Nono ne kawai nata, goyo da wanka da magani duk nawa ne. Da dasashinsa ya fara kumbura, na shiga lasa masa garin nan safe da yamma. Sai kuka ya ƙaru, yawu na zuba ba tsayawa, tafin hannunsa da na ƙafarsa suka yi ja suna saɓa, ko haske ba ya so. Na ce ai haƙori ne ke tafe da ƙarfinsa, na ƙara masa garin.

Wata rana muna tsintar shinkafa da maƙwabta, 'yata ta matso kusa da ni kanta a ƙasa, ta ce mini Mma, ita dai tana gani duk ran da aka ba yaron nan garin, ya fi wahala, ko za a ɗan dakata. Allah ne kaɗai ya san abin da ta haɗiye kafin maganar ta fito. Ni kuwa, kaico, na kwashe da dariya, na ɗaga murya na ce jama'a ku zo ku ji 'yan zamani, yau uwar ɗan fari ce ke koya mini goyo, ko dai ta fi likita ne? Mata suka yi ta tsokanarta da mara kunya. Ta rufe fuska da mayafi ta shige ɗaki, ba ta sake tada zancen ba. Don in kore shakka na kai yaron wurin disfensa, ya duba ya ce haƙori ne, in ci gaba, ya ƙaro mini ƙunshi.

Da uban ya dawo ya ga yadda yaron ya rame, bai tsaya ba, ya sa mu a mota sai asibitin Bawku. Likitan can ya tambaya ta bakin tafinta me ake ba shi. Na kwance bakin zane na fito da ƙunshin, har da alfahari. Ya karanta. Sannan ya ce akwai zaiba a ciki, guba ce mai taruwa a jikin yaro, ita ce ke kawo duk abin da nake cewa haƙori, kuma a ƙasar masu yin sa an daɗe da janye shi daga kantuna. An daina ba shi, amma ƙarfin yaron ya riga ya ƙare, ciwon ƙirji ya same shi a can. Da aka zo ɗaukarsa zuwa makwanci, 'yata ta kira sunansa a hankali. Ranar na fara jin sunan a bakinta.

Na koma Yendi na sami disfensa. Bai yi musu ba. Ya ce ya taɓa jin ƙishin-ƙishin, ya tambayi wakilin, aka ce masa hassadar wasu kamfanoni ce, kuma duba-gari bai taɓa hana sayarwa ba. Yana magana hawaye na zubo masa, kalandar nan tana nan a bayansa. Na bi gidajen da na kai wa barka ɗaya bayan ɗaya ina karɓe ƙunshin.

Na san kwana ba ya wuce lokacinsa, kuma ban ce a guji asibiti ba, can ne aka gaya mini gaskiya. Amma in an miƙo muku magani, ku tambayi abin da ke ciki, ku lura da wanda ke yi wa mai ba ku alheri. In ciwo na ƙaruwa bayan magani, kada ku ƙara, ku nemi wani ya duba. Ku kuma iyaye da kakanni, in uwa ta danne kunya ta yi magana a kan ɗanta, ku ajiye abin da ke hannunku ku saurara. 'Yata ta haifi wasu bayansa, ta ci gaba da aiko mini da tsaraba daga Bawku, kuma har yau ba ta taɓa tuna mini ranar tsintar shinkafar nan ba. Da ma ta zage ni, da na fi samun sauƙi.