Itacen da Vern Ya Manta Bai Kashe Ba

Duk wanda ya saba bin hanyar da ta haura daga kogin Klamath zuwa tsohon injin katako ya san Vern Tollefson. Tsoho ne dogo, kullum yana zaune kan kujerar ƙarfe a bayan rumfar itacen girki, ya danne tafukansa biyu a ƙarƙashin cinyoyinsa, ya zuba wa wani itace da ake kira tanok ido. Baƙi kan ɗauka sanyi yake ji. Ba sanyi ba ne. Hukunci aka yanke wa hannuwan nan, kuma ni dai ban ga an zalunce su ba.

Gaba da tanok gadon gidan su Vern ce. Zamanin da majeman birni ke neman ɓawonsa ido rufe, kakansa na cikin masu shiga daji su feɗe itacen, su ɗora ɓawon bisa alfadarai, su bar gangar tsirara ta ruɓe. Ubansa da katafila ya riƙa ture su. Vern kuwa a zamanin ilimi ya zo. Kamfanin katako ya gano cewa tanok yana tare wa itacen fir rana, fir kuwa shi ake sayarwa, sai aka raɗa wa tanok suna ciyawa. Ciyawa fa! Itacen da ƙarti biyu ba sa haɗa hannu a gindinsa. Aikin Vern shi ne ɗan gatari a dama, gorar guba a hagu, ya sara, ya tsiyaya, ya yi gaba. In shekara ta zagayo sai ka hangi gefen dutse guda ya bushe ƙayau, Vern ya nuna maka da haɓa ya ce aikinsa ne.

To duk matan da ke gundumar, wadda Allah ya haɗa shi da ita Loretta ce, 'yar mutanen kogi, 'yan asalin ƙasar, waɗanda tun ba a san wata aba wai ita katako ba da ƙwallon tanok suke rayuwa. Kowace kaka takan ɗauki kwando ta hau dutse zuwa itatuwan da uwarta ta bar mata, ta tsinto ƙwallo, ta shanya, ta fasa, ta daka, ta yi ta kwarara masa ruwa har ɗacin ya fita, sannan ta dama kunu mai kauri a ci da busasshen kifi. Vern yakan cinye kifin ya ture kwanon kunun.

"Wannan ai ruwan wanke kwanon siminti ne," in ji shi.

"Simintin ne ya riƙe mutanena kafin kakanka ya iso da ƙwarƙwatarsa," in ji ta.

Haka suka zauna shekara arba'in da ɗoriya, shi yana kashewa da rana, ita tana damawa da yamma, kuma ban taɓa ganin miji da matar da suka shaƙu kamarsu ba. Doka biyu kawai ta kafa masa. Takalmin aiki a waje yake kwana. Guba kuma ba ta shigo filin gidan, don idon ruwan da suke sha a nan bayan gida yake.

Doka ta biyun ce ta jawo masa abokin gaba. Lokacin da suka gina gidan akwai wani tsohon tanok a bayan fili, Vern ya kayar da shi tun kafin a buga rufi, wai don amarya ta samu haske. Amarya ta yi kuka har idonta ya kumbura, shi kuma ya rasa laifinsa. Da bazara ta zo kututturen ya fito da rassa kamar gashin wanda ya tashi daga barci. Vern ya sare. Suka dawo. Ya tara ƙirare ya cinna masa wuta, wuta kuwa ita ce abin da tanok ya fi so a duniya, sai ya dawo ninki biyu. Guba ɗaya ce maganinsa, ita kuma an hana. Saboda haka kowace bazara sai Vern ya ɗauki zarto ya zaga bayan rumfa yana zage-zage, ƙanwar Loretta, Wilma, tana leƙe ta shinge.

"Mai Gatari, an tafi gaida surukin ne? Ka ce ina gaishe shi, sai baɗi in ya dawo."

Tsufa ya kama Loretta kafin ya kama shi. Gwiwoyi suka fara, zuciya ta biyo baya, likita ya ce ita da hawan dutse har abada. Wilma takan kawo mata buhu guda, ta karɓa ta yi godiya, amma kunun ba ya mata daɗi. Ta ce ƙwallon da ba ita ta sunkuya ta tsinta ba, na baƙunta ne. Wata kaka, bayan Vern ya ajiye aiki, ta ce ya kai ta gindin dutsen a mota. Ya kai ta. Ba ta fita ba. Ta zauna da kwando fayau a cinya tana kallon sama inda itatuwan uwarta suke, har rana ta karkata, sannan ta ce su koma. Abin nan ya soki Vern a inda bai san yana da nama ba. Da suka iso ƙofar gida ya juyo gare ta.

"Zan dasa miki naki a nan. Daga ƙofa ki miƙa hannu ki tsinta."

"Kai?"

"Ni ɗin. Abin da na ƙare ƙuruciyata ina kashewa yana ƙin mutuwa, raya shi ne zai gagare ni? Ki ba ni wuri kawai."

Loretta ta dube shi. Sannan ta nuna tsakiyar filin gaban gida, inda rana ke dukan ƙasa tun safe har magariba.

"Can. Inda zan riƙa hango ka ta taga."

"Itacen dai za ki hango."

"Shi ma."

Ya binne ƙwallo cikin layi, kamar masara. Kurege da wani shuɗin tsuntsu ɓarawo suka raba gonar tsakaninsu kafin sati. Ya sake binnewa ya rufe da raga, biyu suka tsiro, barewa ta zo ta yi buɗa-baki da su. Ya hau daji ya tono ɗan tsiro, bai san saiwarsa ta fi ƙafarsa tsawo ba, ya datse ta, tsiron ya mutu a hanya. Daga ƙarshe, kunya ba kunya ba, ya tuƙa mota har garin bakin teku, wurin masu sayar da dashe, ya sayi tanok a tukunyar roba. Labari ya riga shi dawowa. Da ya shiga gidan shayin da tsofaffin ma'aikatan katako ke zama, har tashi tsaye suka yi suna cire hula.

"Ga mutumin da ya sayi ciyawa da kuɗinsa! Vern, akwai ƙaya a bayan gidana, in kawo maka ko ka zo ka zaɓa?"

Yarinyar da ta sayar masa ta yi masa bayani dalla-dalla. Tanok yana ƙarami inuwa yake so. Da rani ba a ba shi ruwa, saiwarsa ruɓewa take yi. Ba ya son taki, kuma ganyen da ya zubar a gindinsa a bar masa abinsa. Vern ya gyaɗa kai, duk ta bayan kunne ta bi, don abu ɗaya da ta faɗa a ƙarshe ya toshe masa kai: wanda aka raya daga ƙwallo yakan kai shekara talatin kafin ya yi 'ya'ya.

Shekara talatin! Ya tuna fuskar likita. Ya tuna yadda Loretta ke tsayawa hutu tsakanin kicin da ɗaki. A nan ya yi lissafi irin na mutumin kamfani: in itace yana nawa, a tura shi. Ya kwaso kashin kaji, ya binne hanjin kifi, ya share gindin tas kamar tsakar ɗaki, ya jawo tiyo yana ba shi ruwa safe da yamma cikin tsakiyar rani. Dashen ya yi rawaya ya mutu. Vern ya ce ruwan ne bai isa ba. Ya sayo wani ya ƙara masa.

Abin dariya ne, kuma mun yi dariyar har da hawaye, amma duk wanda ya gan shi durƙushe a rana yana shafa ganye da yatsun nan da suka saba da gatari, nan take dariyar takan ɗauke masa. Tsoro ne ke cin tsohon. Tsere yake yi da zuciyar matarsa, a kan dokin da ba ya gudu.

Kututturen bayan rumfa kuwa ya samu sarari. Ba wai Vern ya yafe masa ba ne. In ya je ɗibar itacen girki yakan hango rassan sun ɗago, ya nuna su da yatsa ya ce, "Sati mai zuwa ni da kai ne." Amma duk ranar da ya saɓi zarto sai Loretta ta buɗe taga.

"Vern, kamar barewa nake gani wajen jaririnka."

Ko kuma, "Tsoho, ganyen nan bai yi laushi ba kuwa? Duba mana."

Sai ya jefar da zarto ya ruga gaban gida. Bazara ta bi bazara a haka.

Dashe na ƙarshe ya fi saura taurin rai, har ya kai masa ƙugu. Wilma ta sa masa suna Ɗan Auta, takan tambaya ko an yi masa rigakafi. Vern ya kafa masa laima, ya kewaye shi da waya, yana yi masa magana ƙasa-ƙasa in ya ɗauka ba mai ji. A ƙarshen wani rani ganyen ya koma ruwan ƙasa bai ko zuba ba. Vern ya tona gindin da yatsa, ya tarar ya yi baƙi ya yi laushi, yana wari. Ya ci gaba da ba gawar ruwa har kaka ta shigo, don kada a gane daga taga.

Ran da ya yanke shawarar faɗa mata, ya wanke hannu, ya cire takalmi a waje, ya shiga. Kujerar bakin taga ba kowa. Ya leƙa ɗaki, ya leƙa kicin, yana kiran sunanta da wata murya da ba tasa ba. Can sai ya ji ƙwas, ƙwas, daga bayan gida.

Tana zaune kan kifaffen bokiti a bayan rumfa, sandarta jingine, dutse a hannu, tana fasa ƙwallo. Kwandon nan ya kusa rabi. Bisa kanta rassan kututturen sun wuce rufin rumfa, kore shar, wani ƙwallon ma ya faɗo a gabansa yana tsaye.

"Ɗan Auta ya mutu," in ji Vern, don ita ce maganar da ya shirya.

"Na sani. Tun watan jiya."

"Wannan fa... Wilma ce ta kawo?"

"Ɗaga kanka, tsoho."

Ya ɗaga. Ya daɗe bai sauke ba.

"An ce mini shekara talatin."

"Na ƙwallo ke nan. Wannan saiwarsa ta girmi kakanka, ba jira yake ya girma ba. Jira yake ka ƙyale shi shekara biyar ko shida, ka ƙi."

"Da kin faɗa mini ai da..."

"Da na ce ka raya shi, da ka raya shi yadda ka raya na gaba. Da na yi shiru, da ka sare shi. Kai hannunka ba ya zama, Vern. Sai na nemo masa abin yi a gaban gida."

Shekarun nan da ya yi durƙushe a rana, da dariyar gidan shayi, da ƙananan itatuwan da ya binne ɗaya bayan ɗaya, ashe gadi aka sa shi, kuma shi ne ɓarawon da ake gadi. Ya so ya yi fushi. Sai ya ga yadda take juya ƙwallo a tafinta tana murmushi, fuskar da rabon da ya gan ta tun kafin ranar gindin dutse, fushin ya rasa wurin zama.

Da ƙwallon ya bushe ta daka da kanta, tana hutawa tana ci gaba, ta dama kunu. Ta tura masa kwano ba tare da ta dube shi ba. Ya ɗauki cokali.

"Yaya?"

"Siminti."

"A ƙara?"

Ya miƙa kwanon.

Washegari da sassafe ta kama shi yana jan tiyo zuwa bayan rumfa, da buhun kashin kaji a kafaɗa.

"Ajiye."

"Ɗan kaɗan ne fa, don ya ƙara..."

"Vern Tollefson, ajiye, ka zo ka yi mini alkawari. Ba ruwa, ba taki, ba shara, ba zarto. Ko ina nan ko ba na nan."

"To me zan yi masa?"

"Abin da ka fi kowa rashin iyawa. Zauna."

Kaka biyu ta ci daga itacenta, tana fita da sanda ta sunkuya ta tsinta da hannunta. A hunturu na biyun ta rasu, ana ruwan sama, don a can da hunturu ake ruwa.

Yanzu Wilma ce ke zuwa kowace kaka ta sa 'yar wuta a gindin don ta kashe tsutsa, yadda uwarsu ke yi. Vern ko ashana ba a ba shi ya riƙe. An yarje masa ya tsinci abin da ya faɗo ƙasa da kansa, shi ke nan, kuma ya koyi dama kunun, ko da yake Wilma ta ce nasa kam simintin gaske ne.

Rani shi ne lokacin wahalarsa. Ƙasa ta bushe ta tsage, ganye ya yi ƙura, tiyo na nan naɗe a jikin rumfa, taku kaɗan daga kujerarsa. Za ka ga hannun dama ya zame daga ƙarƙashin cinya a hankali, ya miƙa. Sai Vern ya waiwaya ya dubi tagar da ba mai buɗewa, ya dawo da hannun ya danne.