Bijimin da Ya Durƙusa a Gaban Jariri

Ku faɗi tsakaninku da Allah, waye a cikinku ya taɓa ganin Baba Lazar babu kwat a watan Disamba? Babu! Da watan Kirsimeti ya kama, wato Nowel ɗinku, zai buɗe akwatinsa na ƙarfe, ya zaro jibgegen kwat ɗin nan na sojan Faransa mai kaiwa har ƙwauri, ya ɓalla maɓallai har maƙogwaro, kuma ba zai tuɓe ba sai an shiga sabuwar shekara. A Garwa fa! Garwar da hantsi na yi, kare ma inuwa yake nema.

Na taɓa ce masa, "Baba, don Allah ba ka jin zafi?"

Ya ce, "Ni ban iya gardama ba, Garba, amma Nowel lokacin sanyi ne. Momper, Baturen limaminmu na farko, ya nuna mini hoto."

Na ce, "Ai a ƙasarsu ke nan."

Ya ce, "Nowel ɗaya ce a duniya." Yana faɗa gumi na ɗiga daga gemunsa.

Kun ji kalmar tasa ke nan, "Ni ban iya gardama ba." Duk ranar da ka ji ta, to ka nemi wurin zama, don kun kai la'asar.

Na ga wasu samari can baya suna kallona, suna cewa me ya kawo wannan tsoho mai hula da carbi farfajiyar mishan. Ni ne Garba mahauci. Kakana ya zo daga Katsina da fatauci, ubana ya kama fawa a kasuwar Garwa, ni kuma na gada. Baba Lazar ne ya jawo ni nan tun ina da ƙarfin kayar da sa ni kaɗai. Shi mutumin wajen Figil ne, ya bar can tun kafin a kafa kamfanin siminti, ya gama soja, ya zo ya zama mai share cocinku da buga muku ƙarfen motar nan da kuke kira ƙararrawa.

Wata shekara, ba a daɗe da samun mulkin kai ba, samarinku suka ce su za su yanka san Nowel da hannunsu, me ya sa za a kira Bahaushe. Baba ya tsaya gabansu da kwat ɗinsa.

Ya ce, "Ni ban iya gardama ba, amma jariri aka haifa ko ba jariri ba?"

Suka ce jariri ne.

Ya ce, "To a ina kuka taɓa ganin an yi suna maƙwabta ba su ci nama ba? In kun yanka, gidan Malam Hamadu za su ci? Gidan Hajiya Dudu za su ci? Ku kira mai wuƙar da kowa zai ci yankansa."

Tun daga ranar na zama mai yanka muku. Kowace Nowel kwanoni na fita daga farfajiyar nan suna shiga gidajen Musulmin unguwar nan ta Pumpumre, yadda namu ke shigo muku da Babbar Sallah. A wancan zamani ba ƙaramin abu ba ne wannan, manya sun sani. Ba kowa ne ke murnar ganin coci a unguwa ba, amma da wuya mutum ya ci namanka da rana ya zage ka da yamma.

Sai dai fa, mai son maƙwabta su ci nama, shi kansa ba ya yanka ko kaza. Rowa? Kai! Baba yana da garken awaki a bayan ɗakinsa, kowace da sunanta, suna haihuwa suna tsufa suna mutuwa don kansu. Ranar auren 'yarsa na je da wuƙaƙena ina murna. Ya dube ni ya ce, "Garba, wa ya aiko ka? Wake aka dafa." Na ce, "Baba, awakin fa?" Ya ce, "Su ma an gayyace su."

Hatta audugar da yake shimfiɗawa a rufin bukkar jariri, wadda kuke kira kireshi, wai ita ce dusar ƙanƙara, bai taɓa roƙon kowa ba balle ya saya. Bin titi yake yi da buhu yana tsintar wadda ta zubo daga manyan motocin da ke kai auduga bakin kogin Binuwai. Direbobi har sun san shi, suna yi masa oda, shi kuwa ya ƙame ya sara musu kamar yana fareti.

To, ga shekarar da kuka yi babban kuskure. Kun yi karo-karo, ni na zaɓo muku sa a kara, jan bijimi na Bororo mai ƙaho kamar an buɗe hannuwa. Sai wani mai hikima a cikinku, ba zan kama suna ba, yana nan zaune, ya ce a ba Baba Lazar ya yi kiwonsa har ranar biki. Mutumin da ke raɗa wa akuya suna! Kafin mako ya zagayo, Baba na wanke bijimin nan da sabulu, yana yi masa hira da Fillanci, wai Hausa ba ta shiga kunnen san Bororo.

Ana gobe Nowel ya je wurin limaminku na lokacin, Momper Andire, Bafaranshen nan mai gemu da ɗan babur, ya ce a bar shi ya ɗaure bijimin a gefen kireshi, don a hoto akwai sa kusa da jariri. Momper ya ce kai, abin zai yi kyau. Bawan Allah bai san abin da ya jawo wa kansa ba.

Da safe na iso da wuƙaƙe da igiya. Mama Terez, shugabar matan coci, ta riga ta jera tukwane, wuta na ci, albasa a yanke. Na nufi bijimi, sai ga Baba a tsaye tsakanina da shi, ya buɗe hannuwa.

Ya ce, "Mayar da wuƙarka."

Na ce, "Lafiya, Baba?"

Ya ce, "Jiya da Momper ya kwantar da jariri a komi, wannan bawan Allah ya durƙusa. Da idona na gani. Gwiwa biyu a ƙasa!"

Na ce, "Baba, haba! Kowane sa in zai kwanta da ƙafafun gaba yake farawa. A cikin shanu aka haife ni."

Ya ce, "Ni ban iya gardama ba, amma me ya sa bai kwanta tun da rana ba, sai lokacin?"

Na leƙa bukkar. Bijimi ya cinye rabin ciyawar da ke ƙarƙashin jariri, ya haɗa da dusar ƙanƙarar rufi, ga auduga nan a bakinsa. Na nuna wa Baba, na ce ga mai ibadar taka. Ya ce, "Ka gani ko? Ya ci kwano ɗaya da Ubangiji, kai kuma kana so ka sa masa wuƙa. Daga yau sunansa Shaida."

Mama Terez ta taso da muciya a hannu. Ta ce, "Lazar, ka dubi tukwanen nan. Ruwa za mu ba mutane? Ko addu'arka za mu zuba a kan shinkafa?"

Aka kira Momper. Ya zo yana lallashi, ya ce, "Lazar, dabba ce fa, ba ta san komai ba."

Baba ya ce, "Momper, kai da bakinka ka ce sa da jaki ne suka fara gaishe shi, kafin sarakuna su iso. Jiya ka faɗa. Ko ka janye?"

Momper ya sosa gemu, ya dubi sama, ya ce yana da aiki a ciki. Wallahi gudu ya yi, a gabana!

Rana na ɗagawa, jama'a sun cika farfajiya, wasu daga ƙauye suka tako da ƙafa. Samari suka fara cewa a ɗauke tsohon da ƙarfi. Ni kuwa na san in aka taɓa shi an ɓata bikin, in kuma aka bar shi babu nama. Sai na matsa kusa da shi, na yi ƙasa da murya.

Na ce, "Baba, ni ba ruwana, in ka ce in tafi zan tafi. Amma da zan wuto na ga yaran gidan Malam Hamadu a ƙofar gida, kowa da kwanonsa a wanke. Hajiya Dudu ta ce yau ba ta ɗora tukunya ba, wai ai an yi haihuwa a mishan. Me zan ce musu?"

Baba Lazar ya sauke hannuwansa. Ya dubi bijimi, ya dubi ƙofa. Ya ce, "Kada wanda ya taɓa shi har in dawo." Ya juya ya fita.

Can sai muka ji kuka, meee, meee. Ga Baba da sanda, ya koro garken awakinsa kaf, har da tsohuwar nan mai ƙaho ɗaya. Mutumin da ya ciyar da surukansa wake! Ya ce, "Garba, bismillah." Ya juya mana baya, ya fuskanci bango, ina yanka yana kiran sunayensu ɗaya bayan ɗaya. Da na kamo wata baƙa, ko waiwayowa bai yi ba ya ce, "Wannan Margarit ce, ka bi ta a hankali, tana da saurin fushi."

Ranar na yi fiɗa har hannuna ya sage. Nama ya ishi kowa, kwanoni suka fita kamar kullum. Mama Terez ta zubo masa nasa da hanta a kai, ya ce a'a, ba ya cin mutanen gidansa. Gyaɗa ya ci a Nowel ɗin nan.

Shekarar da ta biyo kun yi wayo. A garkena aka ajiye sabon san, aka hana Baba ko ganinsa. Da safe da na shigo da shi ta baya, sai ga Baba yana lallaɓowa. Ya ce, "Terez, bari in ɗan zaga da shi ta gaban kireshi, ya ga jaririn kawai."

Ta ɗaga muciya ta ce, "Ko inuwar bukkar nan ta taɓa shi, kai za mu dafa, da kwat ɗinka."

Ya ce, "Ni ban iya gardama ba." Ta ce, "To yau ka tabbatar." Ya koma sumui-sumui.

Shaida kuwa ya zama ɗan gata. Kowace Nowel yana gefen kireshi, kowace Nowel yana cinye dusar ƙanƙara. Ya cinye salak ɗin lambun Momper, ya tauna gyalen 'yan waƙa, babu mai cewa uffan. Shi da Baba suka tsufa tare, tafiyarsu ma ta zama iri ɗaya.

A Disambar ƙarshe aka aiko mini cewa Baba na kirana. Na same shi kwance a tabarma, ya rame, amma kwat na jikinsa. Na ce, "Baba, ko yanzu?" Ya ce, "Yanzu kam sanyin gaske nake ji, ka ga na yi gaskiya." Muka yi dariya har tari ya sarƙe shi.

Sai ya kama hannuna ya ce, "Garba, Shaida ya daina cin dusa. Haƙoransa sun ƙare. Bana shi za ka yanka."

Na ce, "Baba, wanda ya durƙusa?"

Ya ce, "Shi ya sa. In na tafi babu mai tauna masa abinci, wata rana za a wayi gari ya faɗi mushe, a ja shi a yar wa ungulu. Wanda ya tsaya a gaban jariri ba zai ƙare a juji ba. Ka yanka shi da hannunka, ka ambaci sunan Allah, maƙwabta su ci."

Na buɗe baki zan yi magana, ya ce, "Kai ma ka fara gardama?"

Bai kai Nowel ɗin ba, saura 'yan kwanaki aka binne shi. Da safiyar bikin na zo, na tarar wani ya ninke kwat ɗin ya lulluɓe jaririn kireshi da shi. Na tambaya waye. Mama Terez ta ce, "Ni ce. Lokacin sanyi ne." Ta juya ta koma wajen tukwanenta tana share ido, wai hayaƙi ne.

Na kwance Shaida. Ko igiya ban sa masa ba. Da na dafa wuyansa sai ya lanƙwasa ƙafafun gaba ya durƙusa. Na san kowane sa haka yake yi, ni na faɗa da bakina. Amma wallahi na ambaci sunan Allah na yanka shi ina kuka, ban ji kunyar kowa ba.

Naman kuwa, ku da kuka ci ku ne shaida! An dafa shi tun safe, aka ƙara itace, aka ƙara ruwa, shinkafar da aka kawo daga Maga ta nuna har ta huce, shi ko gezau. Duk Pumpumre, Kirista da Musulmi, tauna ake yi har la'asar. Malam Hamadu ya aiko a tambaya ko tayar babur ɗin Momper aka dafa. Na ce a gaya masa kiwon Baba Lazar ne, dole ya yi gardama da tukunya. Amma ko tsoka ɗaya ba a dawo da ita ba, kwanonin duk a suɗe suka dawo.

Ya Allah, Kai ka san bawanka Lazar fiye da yadda muka san shi. Bai iya cin abu shi kaɗai ba, bai yarda maƙwabci ya kwana da kwano a wanke ba. Ka dube shi da idon rahama, Ka lulluɓe shi kada ya ji sanyi. In kuma ya ce maka bai iya gardama ba, ya Ubangiji, Ka yi haƙuri da shi yadda muka yi. Amin.