Cefane a Abbasiya da Arba wa Nus

Watanni ukun farko da na yi a Alƙahira, a babban kantin bakin titi nake cefane. Shi kaɗai na sani a unguwarmu ta Abbasiya, kuma a can farashi a rubuce yake, ba sai na yi Larabci ba. Maigidana yana jami'a tun safe, alawus ɗin karatunsa kuwa ba ya kai mu ƙarshen wata. Wake da gurasa muka yi ta ci har na daina jin ɗanɗanonsu.

Wata rana maƙwabciyata, 'yar Damagaram da ta daɗe a garin, ta gamu da ni a matakala ina riƙe da ledar kantin.

"Ƙanwata, can ai na matan ofishin jakadanci ne," in ji ta. "Gobe bayan la'asar ki shirya."

Ashe akwai kasuwa a bayan layinmu. A wannan lokacin masu tumatir sun gaji, so suke su tattara. Ta ce kada in fara tambayar kuɗi, in tsaya kusa da wata Bamisiriya in ji abin da aka faɗa mata, sannan in miƙa hannu. Na gwada, ya yi.

Ranar Asabar muka hau ƙaramar bas zuwa unguwar Arba wa Nus, inda 'yan Sudan suka yi yawa. A wani lungu akwai wata tsohuwa zaune tsakanin buhuna. Busasshiyar kuɓewa take sayarwa, tana ce mata weka, da gyaɗa da garin dawa. Da ta ji muna magana sai ta ɗago.

"'Yata, ke 'yar ina ce?"

"Katsina, Inna."

"Ban san ta ba. Kakata dai tana ambatonta."

Kakanninta sun taso aikin hajji a ƙafa, suka tsaya a Sudan. Hausarta rabi Larabci ce, amma muna ganewa. Na nuna garin dawa, ta girgiza kai.

"Wannan ya kwana biyu. Ma'alish, yi haƙuri, ki dawo Alhamis."

Na koma Alhamis ni kaɗai, na yi ɓatan hanya sau biyu kafin in gane lungun. Ranar na tuƙa tuwon dawa da miyar kuɓewa. Maigidana bai tambayi inda na samo ba, ya dai nemi ƙari.

Shekara biyu ina zuwa wurinta. Daddawa ce kawai ban taɓa samu a garin ba, sai idan wani ya dawo daga hutu.