Safar Hannun Baba da Ƙayar Dabino

Ku gafarci karambanina, ban saba rubutu a nan ba.

Jiya Baba ya dawo daga gonar dabino a Khaibar da kumburarren yatsa, ƙaya ta soke shi alhali yana sanye da safar hannun da na saya masa. Zarenta laushi kamar auduga, kuma a gabana mai shago ya goga mata wuƙa, ba ta yanke ba.

Na ce, "Baba, wuƙa ta kasa, ƙaya ta iya?"

Ya ce, "Ya binti, 'yata, ƙofar da aka bar wa iska a saƙar zaren, nan ƙaya ta bi."

Na rasa yadda zan yi. Safa mai kauri kuwa cire ta yake yi saboda zafi, ga shi gobe zai sake hawa bishiya.

Masana, wacce zan nemo? In kun yarda, zan sake tambaya.