Sallamar Mutanen Littafina

Inna ce mai sauraron labaraina ta farko, kuma ita ce mai ɓata mini su. Tun da zaman ƙauyenmu na wajen Moriki ya gagara saboda 'yan bindiga muka dawo da ita Kaura Namoda, bakinta ya mutu. Matar da a da ake jin muryarta daga bakin rijiya sai ta wuni bisa tabarma tana jan carbi, ko tari ba ka ji. Abin ya dame ni ƙwarai, don na ga tana zubewa a gabana. Ba ta motsawa sai in na zo bayan la'asar da takarduna in karanta mata abin da na rubuta.

To, ga inda rigimar take. Da wani a labarin ya shiga gida ya ce salamu alaikum, sai Inna ta ɗaga kai ta amsa masa, cikakkiyar amsa har da wabarakatuhu. In ya ce ina gajiya, ta ce ba gajiya. Ni kuwa ina tsaye da numfashi a tsakiyar shafi, jarumina na jira.

Na ce, "Inna, mutumin nan fa ni na ƙirƙire shi, babu shi."

Ta ce, "Kai wanga yaro! Shi ba Musulmi ba ne? Sallama ai amsa ta akai."

Ina da wani aboki a Shinkafi mai rubuta wasan fim, wanda ya ɗauki kansa likitan labari. Da na kai masa rubutun, ya duba ya ce gaisuwa ta cinye rabin littafin. Wai a fim jarumi bankaɗo ƙofa yake yi ya faɗi abin da ya kawo shi, mai kallo ba ya da lokacin ina kwana. Maganar ta shige ni, don ni ma ina son a ce na iya. Na zauna na bi shafi-shafi ina yanke gaisuwa, labarin ya zama siriri, sai gudu yake kamar ɗan kabu-kabu a hanyar Galadi.

Na kawo wa Inna ina ta ɗagawa. Na karanta shafi, shiru. Na ƙara, shiru. Can ta juya fuska bango ta ce, "Naɗe abinka. Waɗanga mutane naka sun lalace. Masu shiga gida ba sallama ai su muka baro can."

Na dubi ƙofar ɗakin. A ƙauye kafin hantsi mata nawa suka leƙo sun gaishe ta, wannan ta tambayi ƙafarta, waccan ta kawo labarin haihuwa. Yanzu duk sun watse, wasu Shinkafi, wasu sun tsallaka Nijar. A nan gidan haya kowa na harkarsa. Ashe baƙin da suka rage mata su ne nawa na takarda, ni kuma na je na koya musu rashin kunya.

Na mayar da gaisuwar duka, har na ƙara. Yanzu jarumina ko wuta ya zo ɗiba sai ya tambayi kwana, ya tambayi ruwa, ya tambayi bisashe. Abokina ya ce littafin ya mutu. Na ce Allah ya jiƙansa.

Ranar da na koma karanta mata, jarumin ya yi sallama, ta amsa tun bai rufe baki ba. Ya ce ina gajiya, ta ce ba gajiya, har da gyara zama. Sai ya ce, "Ina mutanen gida?"

Na tsaya a kan layin ina jiran Inna.

"Lahiya lau suke," in ji ta, "duk inda suke. Karanta, mu ji mi ya kawo shi."